Awon Magani da Awon Magana: Allurar Baya ga Mace Mai Ƙiba

Kowane Bahaushe ya tashi da sanin cewa awo ya kan bi girman jiki. Tuwon da za a zuba wa ƙato ba shi za a zuba wa yaro ba, yadin da zai ishi siririya zane ba zai kewaye ƙugun mai jiki ba, mai maganin gargajiya ma in ya ce babba ya sha cikin ludayi, rabi ya kan ce a ba yaro. Wannan tunani daidai ne a wurare da yawa, har a asibiti, gama akwai magungunan da likita ba ya ba da su sai ya san nauyin mutum. Amma akwai wuri guda inda binsa zai iya jawo asarar rai, watau allurar da a ke yi wa mace a baya sa'ad da za a ciro mata ɗa ta hanyar tiyata. Nufina a wannan takarda in bayyana yadda a ke auna maganin allurar nan ga mace mai ƙiba ƙwarai, sa'an nan in nuna cewa wani babban sashe na awon da baki a ke yinsa, da Hausa, tsakanin ma'aikaci da matar da ke kwance a gabansa. Ni malamin harshe ne, saboda haka lissafin magani na masu shi ne, na kawo shi don a ga ƙofar da magana ta shiga.

Ƙasar da na sa a gaba ita ce Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ƙananan hukumomi uku na kudancin Jihar Katsina masu wakili ɗaya a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Ƙanƙara da Faskari sun yi iyaka da Zamfara, Sabuwa kuwa da ƙasar Birnin Gwari. Matar da naƙuda ta gagara a ƙauyukan Sabuwa ta Ɗandume za ta bi zuwa Funtuwa, ta Faskari ita ma Funtuwa za ta nufa, ta Ƙanƙara akwai babban asibiti a garin, ga kuma na Malumfashi. In abu ya fi ƙarfin waɗannan sai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko kuwa Katsina. Tafiyar ba ta da tsawon da zai ba da tsoro in hanya lafiya. Amma mai karatu bai manta da daren 11 ga Disamba 2020 ba, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, ko kuwa watan Satumba 2021 da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan uku. A irin wannan hali mai naƙudar dare sai ta jira gari ya waye, ta isa asibiti a galabaice, an ɗura mata jiƙo da kunu, ba wanda ya san nauyinta.

Ba abin wasa ba ne tiyatar haihuwa a wannan nahiya. Wani bincike da aka yi a asibitoci 183 na ƙasashen Afirka 22, aka buga shi a 2019, ya nuna cikin kowace mace 1,000 da aka yi wa aikin fiye da 5 sun rasu, watau kusan ninki 50 na abin da a ke gani a ƙasashe masu arziki. Tun kafin wannan, Farfesa Kelsey Harrison ya bi haihuwa 22,774 a asibitocin Zariya daga 1976 zuwa 1979, ya tarar mutuwa ta fi yawa nesa ba kusa ba cikin matan da ba su je awo ba, sai wuya ce ta kawo su.

Yadda allurar ta ke aiki

A cikin ƙashin baya akwai rami tun daga ƙeya har tsatso, a cikinsa laka ta ke kwance, tana naɗe cikin tantani mai cike da wani ruwa garai-garai. Ruwan nan duka, da na kai da na baya, bai wuce mililita 150 ba ga babban mutum. Laka ba ta kai ƙarshen ramin ba, ta kan tsaya wajen gaɓa ta farko ko ta biyu cikin gaɓoɓi biyar na tsatso, daga nan ƙasa sai jijiyoyi kawai suna lilo cikin ruwa kamar gashin wutsiyar doki. Shi ya sa a ke soka allurar can ƙasa, tsakanin gaɓa ta 3 da ta 4 ko ta 4 da ta 5, inda ba laka. A nan sai mu lura da kalmar jijiya, gama Hausa ta haɗa abubuwa uku cikinta, da hanyar jini, da igiyar da ta ɗaure nama ga ƙashi, da kuma zaren da ke kai saƙon ji da motsi. Wannan na ukun shi na ke nufi, zan riƙa ce masa jijiyar ji.

Wani likitan fiɗa Bajamushe, August Bier, shi ya fara wannan allura a garin Kiel cikin 1898, da koken. A 1900 Oskar Kreis ya yi ta ga masu naƙuda a Basel, a 1907 kuma Arthur Barker a Landan ya gano cewa in an gauraya maganin da sukari zai fi ruwan laka nauyi, sai ya riƙa gangara inda aka karkata jikin mutum. Maganin da a ke amfani da shi yanzu, bufibaken, an haɗa shi a Suwidin cikin 1957, ma'aikata sun fi saninsa da sunan Marcain. Ba baƙo ba ne a Katsina, da shi Dokta Kees Waaldijk ya yi wa dubban mata aikin yoyon fitsari a Babbar Ruga tun daga 1984.

Kowace mililita ta maganin tana ɗauke da miligiram 5. Abin da a kan yi wa mai ciki yawanci miligiram 10 ne zuwa 12.5, watau mililita 2 zuwa 2.5, rabin ƙaramin cokalin shayi ke nan ko ƙasa da haka. Inda akwai fentanil a kan ɗiga ɗan kaɗan a ciki don ya ƙara kashe zafin kayan ciki. Da an tura maganin aka kwantar da ita, sai ya bi ruwan laka yana hawa, duk jijiyar jin da ya taɓa ta daina kai saƙo. Ƙafa ta kan fara ɗumi, ta yi nauyi, sa'an nan cinya, da mara, da cibiya. Ko da ya ke a ƙasan mara za a tsaga, ana so ya hau har saitin kan nono, domin jijiyoyin tantanin ciki daga can sama su ke fitowa. In ya tsaya a cibiya, za ta ji azaba sa'ad da aka ja mahaifa. In kuwa ya zarce kan nono ya doshi wuya, zai sa zuciya ta rage gudu, hannu ya mutu, daga ƙarshe numfashi ya tsaya. Tsakanin inda a ke so da inda a ke gudu tazarar ba ta fi taƙi ɗaya ba.

Ina nauyi ya shiga?

Ga amsar a taƙaice. Maganin ba cikin jini a ke zuba shi ba balle ya bazu ko'ina cikin jiki, cikin ɗan kwaroron ruwa a ke zuba shi, kuma kwaroron nan ba ya faɗi don mace ta yi ƙiba. Hasali ma matsewa ya ke yi. Ciki kansa ya kan danne babbar jijiyar jini mai komawa zuciya, jini ya nemi hanya ta ƙananan jijiyoyin da ke kewaye da tantanin laka, su kumbura su matse shi, shi ya sa mai ciki ta ke bukatar magani ƙasa da na wadda ba ta da ciki. Kitsen ciki ya kan ƙara wannan matsi. A 1996 Hogan da abokan aikinsa a Amurka sun ɗauki hoton bayan mutane, suka ga ruwan laka na tsatso ya fi ƙaranci ga masu ƙiba, ya kan kuma ragu in an danna ciki. Har wa yau, mai manyan ɗuwawu in ta kwanta rigingine ƙugunta ya kan ɗaga sama da ƙirjinta, magani mai nauyi kuwa gangare ya ke bi. Ashe wanda ya ce a ninka wa mai kilo 120 maganin mai kilo 60 ya kama hanyar kisa.

To, da likitoci suka ga haka, da yawa suka koma ɗaya gefen, suka ce a rage wa mai ƙiba, a yi mata miligiram 7 ko 8. An daɗe ana koyar da wannan. Amma da aka zo aka gwada, sai abin ya ƙi tsayawa. A 2009 Lee da abokansa a Toronto sun gwama masu ƙiba da marasa ƙiba, suka tarar awon da ke isar kusan kowa ɗaya ne, wajen miligiram 13. A 2011 Carvalho da abokansa a Jami'ar Stanford sun raba wa mata 42 masu tsananin ƙiba awo dabam-dabam daga miligiram 5 zuwa 11. Lissafinsu ya nuna miligiram 9.8 rabin matan kaɗai ya ke kaiwa ƙarshen aiki ba tare da an ƙara musu wani abu ba, saboda haka suka ce kada a yi ƙasa da 10 in allura ɗaya tak za a dogara da ita. A 2016 kuma Ngaka da abokansa a Cape Town sun yi wa rukuni biyu miligiram 10 daidai wa daida, bambancin hawan maganin bai taka kara ya karya ba, sai dai ya ɗan fi daɗewa jikin masu ƙiba.

Dalilin tsoron ragewa shi ne aikin mai ƙiba ya fi ɗaukar lokaci, ga kitsen da za a ratsa, ga teɓar da za a ɗaga, allura ɗaya kuwa sa'a ɗaya da rabi zuwa biyu ta ke riƙewa. In ta sake ana tsakiyar aiki, ciki a buɗe, ba abin da ya rage sai a sa ta barci a zura mata roba a maƙogwaro. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da aka yi allurar baya don a guje masa, gama maƙogwaron mai ciki a kumbure ya ke, wuyan mai ƙiba gajere ne, iskar da ke ajiye cikin huhunta kaɗan ce, ta kan ƙare nan da nan, ga kuma kunun da aka ba ta a hanya yana iya tasowa ya faɗa huhu.

Duk da haka ba a ce tsoron farko ba shi da tushe ba. Ana auna ƙiba da wani lissafi, a raba nauyi da tsawo sau tsawo. Mace mai tsawon mita 1.6 da kilo 60 lissafinta 23 ne, in ta kai kilo 103 ya zama 40, nan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar tsananin ƙiba, in ta kai kilo 128 ya zama 50. A 2017 Lamon da abokansa a Jami'ar Duke sun duba takardun mata 5,015, suka ga magani ya hau fiye da kima ga 29, kuma haɗarin ya fi ga waɗanda lissafinsu ya kai 50. Saboda haka manyan asibitoci su kan haɗa allurar da wata siririyar roba da a ke bari a wajen tantanin laka, a fara da awo matsakaici, in ya gaza a ƙara ta robar. Wannan dabara tana bukatar kaya da gwaninta. A asibitocin karkara na Nijeriya yawanci ma'aikacin jinya ne da ya sami horo ya ke wannan aiki, gama ƙidayar da aka buga a 2017 ta nuna likitocin fannin ba su kai 1 ga mutum 100,000 ba a ƙasar. Shi allura ɗaya gare shi, awon da aka saba zai yi, sa'an nan ya sa ido ya kuma kasa kunne.

Ƙiba, teɓa, kumburi

Kafin mu shiga ɗakin tiyata, sai mu tsaya ga kalmomin jiki. Ƙiba a Hausa yabo ce tun asali. In an ce amarya ta yi ƙiba, ko ta yi ɓul-ɓul, ko ta murje, ana nufin tana jin daɗin gidan miji. Mai jiki lafazi ne na ladabi, ƙatuwa ta haɗa tsawo da kauri, teɓa da tumbi su ne na zolaya, kitse kuwa a bakin mahauta aka fi jinsa. Cikin waɗannan duka babu wadda ke nufin cuta, babu kuma wadda ke nuna iyaka. Mai kilo 80 mai jiki ce, mai kilo 130 ma mai jiki ce, alhali ga mai allura ta farkon ba ta da wani bambanci da kowa, ta biyun kuwa sai an nemo doguwar allura mai santimita 12 maimakon mai 9 da aka saba, da babban maɗaurin hannu na awon jini, da matasan kai da za a jera mata har kunnenta ya yi daidai da ƙashin ƙirjinta. Ƙaramin maɗauri a babban damtse ƙarya ya ke yi, ya kan nuna jini a sama alhali ya faɗi.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne a kira kumburi ƙiba. Mai ciki in fuskarta ta cika, zobe ya ƙi fita, takalmi ya matse, 'yan'uwa su kan ce cikin ya karɓe ta. Sau da yawa ruwa ne, alamar hawan jinin masu ciki wanda ke kaiwa ga jijjiga. In an danna ƙaurinta da yatsa wurin ya lotsa bai taso ba, wannan kumburi ne, kuma tilas mai allura ya sani, domin cutar ta kan hana jini daskarewa, allurar baya kuwa ba a yinta ga wadda jininta ba ya daskarewa.

Wani abin sha'awa, Hausawa da kansu suka sa wa zuwan mai ciki asibiti suna awo, daga hawa sikeli da a ke yi. Sunan ya dace. Ƙidayar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna kashi 28 cikin 100 na matan Nijeriya nauyinsu ya wuce kima, abin ya fi yawa a birane. A ƙauyukan Faskari da Sabuwa rama ce ta fi damun mata, mai tsananin ƙiba ɗai-ɗai ce, kuma wannan kansa matsala ne, gama abin da ba a saba gani ba shi ne ba a yi wa tanadi. A ganina in ma'aikaciyar awo ta rubuta tsawo da nauyi da lambobi a kati tun ciki yana wata 5, ta gaya wa mace da mijinta su shirya haihuwa a babban asibiti tun da rana tsaka, ta yi wa mai allura rabin aikinsa.

Kin ji?

Yanzu mun zo inda harshe ya zama kayan aiki. Babu na'urar da ke nuna inda magani ya kai cikin ruwan laka. Ma'aikaci ya kan ɗauki auduga mai sifirit, ko gutsuren ƙanƙara (ta sanyi, ba garinmu ba), ko tsinken allura mara kaifi, ya riƙa taɓa ta daga mara yana hawa, yana tambaya. Da amsarta zai ce wa likitan fiɗa ya fara ko ya dakata, da ita zai san ya ɗaga kan gado ko ya sunkuyar da shi.

To, ga aikatau ji. Da shi mu ke jin magana, da ƙanshi, da ɗanɗano, da zafi, da taɓawa, da shi mu ke fahimta, da shi kuma mu ke biyayya. In ma'aikaci ya ce "Kin ji?" mace ta ce "Na ji", me ta ce? Ko ta ji muryarsa, ko ta ji taɓawar, ko kuwa ta ce ta yarda ne kamar yadda ta ke amsa wa uwar mijinta. Daɗin daɗawa, maganin ba lokaci ɗaya ya ke ɗauke kowane irin ji ba. Jin sanyi ya kan fara tafiya, sa'an nan jin suka, jin taɓawa shi ne na ƙarshe, jin ana ja ana dannawa kuwa ya kan saura har a gama aiki. Saboda haka "ina ji" gaskiya ce ko da allura ta kama sarai, kuma wanda ya ɗauke ta a kan allura ba ta kama ba, ya sake yin wata, ya zuba awo biyu cikin kwaroron da ɗaya ya cika.

Sanyi ma haka. Yawancin matan da aka yi wa allurar su kan kama rawar ɗari, ga ƙarin ruwa mai sanyi yana shiga jijiya. Ka tambayi mai kyarma "Kina jin sanyi?" lalle za ta ce i, tana nufin duk jikinta. Zafi kuwa ya haɗa ɗumi da ciwo, ga shi alamar farko ta kamawar allura ita ce ƙafa ta yi ɗumi, wata sai ta ce ƙafarta ta ɗauki zafi, wanda bai ƙware a Hausa ba ya zaci ciwo ta ke faɗi.

Maganin wannan, a nawa ra'ayi, shi ne a daina tambayar da amsarta i ce ko a'a, a koma ga gwamawa. A fara ɗora audugar a goshinta ko kafaɗarta a ce, "Hajiya, wannan shi ne sanyin, ki riƙe shi." Sa'an nan a ɗora a mara a ce, "Nan fa, irin na goshi ne, ko kuwa taɓawa ce kawai ba sanyi?" A ci gaba da hawa a ce, "Da zarar ya koma irin na goshi ki ce mini nan." Kalma ɗaya a ke so ta faɗa, mai nuna wuri. Haka kuma sa'ad da a ke neman tsakiyar bayanta. Mai ƙiba ba a jin ƙashin bayanta da yatsa, sai a zaunar da ita a ja layi daga tudun ƙashin wuya zuwa tsagin ɗuwawu, ita ce za ta taimaka ta faɗi ko tsinin yana tsakiya ko ya karkace. Dama da hagu su kan rikice wa mutum in ya tsorata, balle Bafillatanar da Hausa ba harshen gidansu ba ce. Gara a ce ta buga cinyar gefen da ta ji shi.

Akwai kuma kunya da dauriya. An horar da 'yar Hausa cewa raki wurin haihuwa abin gori ne, musamman haihuwar fari, kuma ba ta saba gaya wa namiji baƙo halin da jikinta ya ke ciki ba. Saboda haka shirunta fuska biyu gare shi. Tana iya yin shiru tana jin wuƙa, ta cije. Tana iya kuma yin shiru don magani ya kai inda ba ta da iskar magana. Ma'aikacin da ya ce in ta ji wani abu ta faɗa, ya juya ga takardunsa, ya ɗora mata abin da al'ada ta hana ta. Shi ya kamata ya riƙa jan ta da zance cikin minti 15 na farko ba fasawa, ya sa yatsunsa biyu cikin tafin hannunta ya ce "Matse, Maman yara, ƙara matsewa", ya tambayi sunayen 'ya'yanta ɗaya ɗaya, ko ya ce ta riƙa salati a bayyane, wanda dama shi ta ke yi a zuci. Ba ma'anar amsar ya ke bi ba, ƙarfin muryar ya ke saurara. In murya ta koma raɗa, ko matsar hannu ta yi laushi, ko ta ce yatsunta na hannu suna mata kamar tafiyar kiyashi, magani ya wuce iyaka, sai a yi maza a taimaki numfashinta. Nauyin ƙirji kaɗai, in murya tana nan da ƙarfinta, abu ne da aka saba gani, kuma kyautuwa ya yi a gaya mata tun kafin a fara don kada ta firgita.

Kusan kowace mai ciki awon jininta ya kan faɗi bayan allurar, gama hanyoyin jini na rabin jikinta sun saki. Shi ya sa a ke karkata ta hagu kaɗan don ciki ya sauka daga kan babbar jijiya, a buɗe ƙarin ruwa, a ajiye efedirin ko fenilefirin a zuƙe cikin sirinji, a riƙa awo kowane minti ɗaya ko biyu. Sau da yawa bakinta ya kan riga na'ura. In ta ce zuciyarta tana tashi, ko tana ganin jiri, ko juwa, ko hajijiya, ko ta ce duhu-duhu ta ke gani, duk abu ɗaya ta ke faɗi, kuma ya kamata mai allura ya san su duka. Sai dai in za a yi wa dangi bayani a kula da cewa jininta ya yi ƙasa, domin su ƙarancin jini za su fahimta, su bazama neman wanda zai ba da leda.

Sunan allurar

Mutane su kan ce allurar barci, wannan kuwa kuskure ne mai illa, gama matar da aka yi wa alkawarin barci in ta ga idonta biyu ana shafa mata magani a ciki, za ta tabbata an manta da ita. Allurar kashe jiki ta fi kusa da gaskiya, amma kashe kalma ce mai nauyi ga wadda dama ta ji ana cewa allurar baya tana shanye ƙafa. Allurar laka kuwa tana nuna lakar a ke soka, ga shi mun ga guje mata a ke yi. Fiɗa ma, da mu ke cewa likitan fiɗa, daga feɗe dabba ta fito, shi ya sa mata suka fi son su ce an yi mata aiki. Ni dai na fi son allurar baya kawai, a bi ta da jimla ɗaya, watau daga ƙirji zuwa ƙafa zai yi barci ke kina farke, za ki ji ana ja amma ba za ki ji ciwo ba, ƙafarki za ta dawo bayan sa'a 3 ko 4. Faɗin lokacin shi ne ke raba wannan da shanyewa a tunaninta, kuma mijin da zai sa hannu a takarda shi ma a gabansa ya kamata a faɗa.

Saura abu ɗaya da a ke gaya mata ranar sallama. Wani lokaci hudar da allura ta yi a tantani ta kan riƙa yoyon ruwan laka, ya kawo ciwon kai bayan kwana ɗaya zuwa uku. Bier kansa ya yi kwana 9 a kwance da shi bayan ya sa an gwada allurar a bayansa. Siririyar allura mai kai irin na fensir ta rage shi ƙwarai, amma mai ƙiba da aka soka sau da yawa kafin a dace ba ta tsira daga gare shi ba. In an ce mata ciwon kai kawai, za ta haɗa shi da na jego ta sha farasitamol ta yi shiru. Sai a siffanta mata shi, ciwon kai mai tashi in ta zauna, ya lafa in ta kwanta. In kuwa ya zo da zazzaɓi, ko sanƙarewar wuya, ko gani dishi-dishi, ko ƙafa ta sake yin nauyi bayan ta dawo, to, ta koma asibitin da aka yi mata aikin a ranar, tun hanya tana biyuwa.